Idan Amfilifayar Oba-oba ta Mota Ta Rage Ƙarfi

Duk direban da ke bin hanyar Jos zuwa Abuja da rediyon oba-oba a mota ya san cewa da an fara gangara Hawan Kibo duwatsu ke cinye magana, shi ya sa mutane da yawa suke ƙara amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa rediyo ƙarfin watsawa, tsakanin rediyo da eriya. Ƙorafin da aka fi kawowa shi ne an rubuta wat 100 a jikinta, amma mita tana nuna 35 ko 40. Yawancin mutane sukan garzaya su kwance murfinta, alhali a mafi yawan lokuta lafiyarta ƙalau, abin da ake ba ta ne bai isa ba.

A fara da wuta. An ƙera waɗannan na'urori su yi aiki da bolt 13.8, wato abin da altaneta ke bayarwa idan injin yana aiki, shi kuwa batirin da ke zaune bai wuce 12.6 ba ko da ya cika. Amfilifaya mai wat 100 tana jan amfiya 15 zuwa 20, kuma siririyar waya ba ta iya ɗaukar wannan nauyi ba tare da ta zubar da wuta a hanya ba. Saboda haka kada a auna a kan batir. A ɗora mitar auna bolt a daidai inda waya ta shiga amfilifayar, a danna maɓallin magana, sannan a karanta. Idan allura ta faɗo daga 13.8 zuwa 11, ƙarfin da ke fita zai koma kusan kashi biyu cikin uku, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ni kaina na taɓa ɓata sati guda ina zargin taransisto, ashe gidan fis ɗin da wani mai rewaya ya saka mini ne ya yi zafi har robarsa ta narke ta yi baƙi, yana cinye bolt ɗaya da rabi shi kaɗai. Maganin shi ne kakkaurar waya gajera daga batir kai tsaye, da fis kusa da batirin, sannan a kankare fenti da tsatsa a wurin da aka ɗaure baƙar waya a jikin mota. Ramin kunna sigari kuwa ba a yi shi don wannan aiki ba.

Idan wuta ta tsaya daram, sai a duba abin da rediyon kansa yake turawa. A cire amfilifayar, a haɗa rediyo da mitar auna wat kai tsaye. Wanda ya kamata ya ba da wat 5 amma aka bar shi a kan ƙaramin ƙarfi yana ba da 1, ba laifin amfilifaya ba ne idan ta gaza. A kuma karanta zangon da aka rubuta a jikinta, domin wadda aka yi don 144 zuwa 148 MHz ba za ta yi ƙarfi a 165 ba, balle a UHF, zangon da ke can sama da waɗannan.

Eriya ce ta fi cin lokaci. Mai gyara na ƙwarai yana da eriyar gwaji mai om 50, wadda ke shanye ƙarfin ta mai da shi zafi ba tare da ta watsa komai ba. Idan aka jona ta ƙarfi ya dawo cif, to matsalar tana cikin eriya ko kebul ɗinta. A auna SWR, wato ma'aunin ƙarfin da eriya ke maidowa baya: 1.5 ba damuwa, amma idan ya haura 2, amfilifayoyi da yawa sukan rage ƙarfi da kansu don kada su ƙone. A damunar Jos ruwa yakan bi gindin eriya ya shiga kebul, sai ka yanke shi ka tarar tagullar ta koma kore. Irin wannan ba ya gyaruwa, sai sabo. A duba inda ƙofar mota ke danne kebul ɗin, da kan PL-259 (bakin kebul da ake ɗaurawa a jikin na'ura) wanda dalmarsa ta saki, da ɗan guntun kebul da ke tsakanin rediyo da amfilifaya, wanda kusan kowa ke mantawa da shi.

Akwai kuma mai farawa da ƙarfi sannan ta sauka bayan minti biyu ko uku na magana. Wannan zafi ne. An cusa ta ƙarƙashin kujera, ƙurar hunturu ta toshe haƙarƙarin da ke fitar da zafi, ko fanka ta tsaya. A goge, a ba ta iska.

Sai an gama duk wannan ake kwance murfi. A ciki, abin da ya fi lalacewa shi ne rile, wato makunnin da ke sauya eriya tsakanin magana da saurare, wanda bakinsa kan ƙone, da taransistocin ƙarshe, waɗanda sau da yawa biyu ne suna aiki tare. Idan ɗaya ya mutu ƙarfi kan faɗi ƙasa da rabi, wutar da ake ja ma ta ragu. A canza su biyun tare, a shafa sabon man sanyaya a ƙarƙashinsu, kuma kada a taɓa danna maɓalli babu eriya a jone.