Yadda Ake Gane Fastar Asali ta Tsofaffin Finafinan Waƙa da Soyayya na Amurka

Fastocin finafinan waƙa da rawa da barkwancin soyayya da Holiwud ta yi tsakanin 1930 da 1960 ba don sayarwa aka buga su ba. Aro ake ba gidajen sinima, su liƙa, in fim ya gama zamaninsa a mayar ko a yar. Shi ya sa na asali suka yi ƙaranci, kwafi kuma ya cika kasuwa.

Fara da awo. Babbar fastar da aka fi sani faɗinta inci 27 ne, tsawonta 41. Sai a shekarun 1980 aka rage tsawon zuwa 40. Don haka in aka kawo maka fastar Singin' in the Rain, wanda kamfanin fim na MGM ya fitar a 1952 da Gene Kelly da Debbie Reynolds, ka auna ka ga 27 da 40 ko 24 da 36, sabon bugu ne. Ƙananan katunan da ake jerawa a zauren shiga sinima inci 11 da 14 ne, takwas-takwas suke zuwa, a kan takarda mai kauri.

Sai ninki, kuma nan ne masu saye suka fi ruɗewa. Mutum ya ga layin ninki ya ɗauka aibi ne, alhali shi ne shaida. A ninke ake aika manyan fastocin wancan zamani, ninki ɗaya a tsaye, uku a kwance, wato gida takwas. Shafa da yatsa. Ninkin gaske yana da tudu, kuma a mahaɗar layuka tawada takan ɗan goge. In ido na ganin layi amma takarda sumul take, hoton tsohuwar fasta aka ɗauka aka sake bugawa har da layukanta.

Duba gefen ƙasa ta hannun dama. Daga 1940 kamfanin National Screen Service ya karɓi aikin rarraba yawancin fastoci, yana sa lamba: alƙaluma biyun farko shekara ce, saura lambar fim. Gentlemen Prefer Blondes na Marilyn Monroe da Jane Russell zai fara da 53. In harafin R ya riga lambar, fastar sake fitar da fim ce a wata shekara daga baya. Ita ma ta sinima ce ta gaske, sai dai kuɗinta bai kai na fitowar farko ba. Top Hat na Fred Astaire da Ginger Rogers kuwa na 1935 ne, rashin lamba a jikinsa ba laifi ba ne.

Sa gilashin ƙara girma mai ninki 10 a kan ƙananan rubutun ƙasa. A ta asali bakin haruffa a tsaye yake tsaf, a kwafi ya yi dishi-dishi. Takardar fastar asali ma siririya ce mara sheƙi, bayanta ya ɗan ja zuwa ruwan madara.

Ajiya ita ce babban aiki a ƙasarmu. Laimar damina na kawo fumfuna da ɗigon tabo ruwan ƙasa, bushewar hunturu kuma na sa takarda ta tsage a bakin ninki. Gara da kyankyaso ma ba sa raga mata. A shimfiɗe za ka ajiye ta, tsakanin takardu marasa asid, nesa da ƙasa da bangon da ke tsatsafo. Kowace buɗewa da ninkewa tana cin ƙarfin layin, don haka a taƙaita.

Kada ka kusance ta da salatif: gam ɗinsa na ratsa takarda ya bar tabo rawaya da ba ya fita. Lamineshin ya fi muni, domin ba a iya warware shi, kuma darajar fastar ta tafi ke nan. In ta yage sosai, gyaran da masana suka yarda da shi shi ne a manna ta da kokon sitacin alkama a kan takarda mara asid da yadi a baya, aikin ƙwararre ne. Wajen sa firam, a bar rata tsakanin gilashi da fasta don kada gumi ya manne su, a kuma rataye ta inda rana ba ta duka, saboda ja da rawaya ne ke fara koɗewa.