Shawara ga mai niyyar zama a mota a Amurka don tara kuɗin gida

'Yan'uwa, tsadar haya a biranen Amurka ta sa wasu ma'aikata zaɓar zama cikin motarsu domin su tara kuɗin kafin alƙalami na sayen gida. Duk wanda ya ƙuduri haka, ya fara neman wurin da doka ta yarda ya kwana, domin tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2024 a shari'ar garin Grants Pass, birane sun sami ƙarfin hukunta masu kwana a wuraren jama'a. Wasu shagunan Walmart suna barin mutum ya kwana a filin ajiye motocinsu idan manaja ya amince, filayen hukumar BLM kuwa, wato hukumar da ke kula da filayen gwamnatin tarayya, galibi kwana 14 ne iyakar zama a cikinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin sanyi. Don Allah kada a yi barci inji yana aiki, kuma kada a kunna risho ko gawayi a rufaffiyar mota, saboda iskar kabon monoksaid ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci. A tanadi bargo mai kauri da ƙaramar na'urar gano wannan iska, a bar gilashi a ɗan buɗe. Batun wanka kuwa, yin rajista a gidan motsa jiki ya wadatar.