Kurakuran da ke kashe injin adaidaita sahu, da waɗanda ake tafkawa a wajen dila

A cikin wannan watan kaɗai samari uku na gani a tasharmu ta Gaya an jawo musu keken adaidaita sahu da igiya, kowanne yana cewa "inji ya buga, ƙaddara ce." Ƙaddara gaskiya ce, amma da na tambaye su yaushe rabonsu da juye, wato canza baƙin man inji, babu wanda ya iya faɗa min ranar. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a 2013 keke ya yawaita har ya cika ƙauyukanmu, sai dai ilimin kula da shi bai biyo shi ba.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne cin dukiya, shi ne wasa da baƙin mai. Injin Bajaj RE ko TVS King ɗan ƙarami ne, silinda ɗaya, kusan cc 200, yana can baya, kuma yana aiki tun asuba har bayan isha'i. Abin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a cikinsa baƙin man nan ne kawai. Sabon inji kuwa yana zubar da garin ƙarfe a kwanakin farko, lokacin da fistin da ringi ke zama da juna, shi ya sa littafin da ke zuwa da keke ya sa sabis na farko da wuri. Ni ban je ba. Na karɓi keke ne a kan biya da kaɗan-kaɗan, na ga kwana guda a Kano wajen sabis asarar balas ne, wato kuɗin da nake kai wa mai keke, sai na tsaya bakin hanya aka tsiyaya min man kwalba, irin wanda ba ka san daga wace duro ya fito ba. Wata Juma'a na ɗauko buhunan masara zuwa kasuwar Wudil, na fara jin ƙas-ƙas daga baya. Na ce bari dai na ƙarasa. Ban ƙarasa ba. Injin ya yi wata ƙara, ya kafe, tayar baya ta ja ƙasa. Fistin ya liƙe, kiransha, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, ta lalace. Har yau idan na bi ta wurin sai na tuna yadda na zauna a kan buhu ina lissafin bashin da ke kaina.

Tun daga ranar ga abin da nake yi. Kowace safiya kafin na tayar, keke na kan shimfiɗaɗɗen wuri, sai na zaro ma'aunin mai na goge na mayar na duba. Baƙin mai nake saye a rufaffiyar robarsa, mai lamba 20W50, ni ke ɓalle murfin da hannuna. Ranar juye da lambar mita ina rubuta su a ɗan littafi. Wasu suna jiran sai mita ta cika abin da kamfani ya ce. Ni da hunturu, saboda ƙurar hanyoyinmu, ina riga lokacin. In kuma na ji baƙuwar ƙara, ko da amarya na ɗauko, kashewa nake yi nan take.

Kuskure na biyu a wannan ranar na yi shi, kuma ya fi na farko ciwo. Wani bakanike da ke kusa ya zo ya ce, "Maigida, bari mu buɗe mu gani, ƙila ƙaramin abu ne." Na bari. Ya sauke inji a kan tabarma, cikin yashi. Washegari da na kai wa dila sai babban bakanikensu ya kalli notunan ya ce, "Malam, wa ya taɓa wannan?" Magana ta ƙare a nan. Garanti yana da sharuɗɗa: iyakar watanni ko kilomita, zuwa sabis a kan lokaci da hatimi a littafi, sannan kada wani hannu na waje ya buɗe injin. Biyu daga ciki ni na karya su da kaina. Don Allah ƙannena, in kekenka na cikin garanti ya tsaya, ka ɗora shi a mota ka kai shi yadda yake. Kuɗin ɗaukar bai kai kuɗin gyaran injin da ya kafe ba.

Amma kada a ɗauka cewa da an isa wajen dila an huta. Nan ma ana yi wa ɗan ƙauye abin da ba za a yi wa ɗan birni ba. Na bar musu keke da baki kawai, aka ce na dawo bayan kwana uku. Kwana uku suka zama mako huɗu, kullum "kaya ba su iso daga Legas ba," ni kuwa mai keke yana jiran kuɗinsa ko taya ta juya ko ba ta juya ba. Da na karɓa, lissafin ya haɗa da kulochi sabo, alhali ban ga tsohon ba, kuma babu wanda ya tambaye ni kafin a canza. Wannan zalunci ne, kuma shirun da muke yi ne ke ba shi gindin zama. Ka ce a ba ka takardar karɓa mai lambar inji da lambar bodi da abin da mita ke nunawa. Ka ce a rubuta kayan da za a canza da farashinsu kafin a taɓa sifana. Ranar buɗewa ka tsaya a wurin, ko ka tura ɗan'uwanka. Tsofaffin kayan naka ne, a zuba maka su a leda. In sun ce ka sayo da kanka, kada ka shiga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano kai kaɗai. Tafi da wanda ya san na asali da jabu, ka kuma karɓi rasit. Neman takarda ba raini ba ne, kuma duk wanda ya fusata don ka nema ya nuna maka halinsa.

Bayan gyara ma akwai masu fita daga garejin kai tsaye su loda buhu shida. Injin da aka sa wa sabon ringi sabo ne, a lallaɓa shi, a yi masa juye da wuri.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Soson iska da ya toshe yana kawo baƙin hayaƙi da shan fetur, wanda kuwa ya yage yana tura yashi cikin silinda. Ni duk mako nake wanke nawa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa yana nufin inji na ƙona baƙin mai, a duba ringi tun kafin abin ya girma. Kada a watsa wa inji mai zafi ruwan sanyi, a bar shi ya huce. In ya zama dole a sayi fetur wajen 'yan bumburutu, to a tace shi kafin a zuba. Keken nan an ƙera shi ne don direba da fasinja uku, amma ranar kasuwa sai ka ga shida da akuya. Sannan masu hawa tudu da babbar giya suna riƙe da rabin kulochi, ku sauko zuwa ta biyu, ku saki kulochin gaba ɗaya.