Babi na 7: Idan injin akori-kura ya fara ƙara

'Yan'uwa, sannunku da ƙoƙari. Wannan babi na masu akori-kura ne da yaran mota. A ajinmu na yamma a nan Daura kusan kowa yana da labarin injin da ya buga, wani a hanyar Mashi zuwa Katsina, wani ranar Lahadi da lodin kasuwar Mai'aduwa a baya. Yawancin motocin nan Peugeot 504 ne, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, sai tsofaffin Toyota Hilux. Kafin inji ya buga sai ya yi ta kuka tukuna, kuma mai kunne yana ji. Ku karanta a hankali, kuna bi da yatsa. In kalma ta gagara, ku tambayi na kusa da ku, ai shi ya sa muka taru.

Darasi na 1: Tsaya, kashe mota

Da ka ji baƙuwar ƙara daga gaba, ka sauka gefen titi. Dubi gaban sitiyari, inda fitilu suke. Akwai wata 'yar jar fitila mai hoton buta da ɗigo a bakinta. Ita ce fitilar baƙin mai. In ta kama alhali inji yana aiki, to mai ba ya isa inda ya kamata. Murɗa makulli, kashe. Kada ka ce bari in lallaɓa in kai gida. Wannan lallaɓawar ce take cinye inji.

Darasi na 2: Awon baƙin mai

A nan za mu daɗe, domin a nan na ga mutane suna tuntuɓe.

Mota ta tsaya a wuri mai shimfiɗa, ban da gangara, ban da tudu. Ka kashe ta, ka jira kamar minti 10, man da ya hau sama ya koma ƙasa ya taru. Buɗe bonet. A jikin inji za ka ga wani ɗan zobe da yatsa zai iya shiga. Ja shi. Doguwar siririyar sandar ƙarfe za ta biyo, ita ce sandar awon mai.

Kada ka karanta ta yanzu. Goge ta da tsumma mai tsabta har ƙarfen ya fito fes. Mai da ita cikin raminta, ka tura har ƙarshe. Sake zaro ta. To, yanzu karanta.

Mu sake: zaro, goge, mayar, zaro, sannan a duba. Zarowar farko ba ta faɗin gaskiya, saboda lokacin da inji yake aiki mai yana fantsama ya shafi sandar har sama. Sai mutum ya ga mai ya kai wuya, ya rufe bonet da murna, alhali ƙasan inji ya kusa bushewa.

A kusa da bakin sandar akwai alamomi biyu. A wata motar an rubuta L a ƙasa da F a sama. A wata kuma MIN a ƙasa, MAX a sama. Wata sandar ba rubutu, sai 'yan tsaga biyu ko 'yan huji biyu. Ku ɗauki fensir ku rubuta waɗannan haruffa a littafinku sau biyar-biyar: L, F, MIN, MAX. L da MIN suna nufin mai ya yi ƙasa. F da MAX suna nufin ya cika. Ana so jiƙar mai ta tsaya tsakanin alamomin biyu, kusa da ta sama. Riƙe sandar a kwance ko bakinta yana kallon ƙasa, don kada mai ya gangaro wajen hannunka ya ruɗe ka.

In ba ka gane a karon farko ba, ba komai. Sake yi. Zaro, goge, mayar, zaro.

Kwanakin baya na fitar da aji waje, muka kewaye motar wani dattijo daga cikinmu. Na ce kowa ya auna. Wallahi, bayan duk bayanin nan, sai na ga hannu bayan hannu yana zarowa yana ɗagawa sama yana cewa, “Malam, a cike yake!” Ba wanda ya nemi tsumma. Wani ma ya goge da gefen rigarsa, ya mayar rabi, ya zaro. Haba jama'a! Ku manya ne, masu iyali. Tsumma ba a saye. Wanda bai iya ba da minti ɗaya ga sandar nan ba, zai ba da wata guda a garejin bakanike, ya kuma sayar da tumakin gida ya biya. Dattijon nan da ya goge ya auna yadda ya kamata, mai bai ko taɓa alamar ƙasa ba. Shiru ya yi yana kallon sandar.

In mai ya yi ƙasa, buɗe murfin da ke saman inji ka ƙara kaɗan-kaɗan. A motoci da yawa tazarar da ke tsakanin alamomin biyu kamar lita 1 ce, don haka kada ka juye galan guda. Zuba kaɗan, jira, zaro, goge, mayar, zaro. Wuce alamar sama ma illa ne. Ka sayi mai a rufaffiyar roba, ka karanta lambar jikinta. Tsofaffin injunan fetur a zafin ƙasarmu an fi zuba musu 20W-50. Ka guji man da ake aunawa a kwalba ba ka san asalinsa ba.

Kafin ka yar da tsumman, dubi man da ke jiki. In ya yi kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, galibi gasket ɗin kan inji ne ya ƙone. Murza shi tsakanin yatsu biyu a rana. In ka ga ƙyalƙyali kamar garin ƙarfe, inji yana cin kansa. A waɗannan biyun kada a tayar da mota.

Darasi na 3: Saurara

Mai ya yi daidai, fitilar buta ta mutu? To tayar da mota ka kasa kunne. In ƙarar tana kama da tsakuwa a cikin gwangwani, kuma ba ta zuwa sai ka taka totur da lodi ko kana hawan tudu a babbar giya, fetur ne yake kamawa ba a kan lokacinsa ba. In kas-kas-kas ce siririya daga saman inji, kamar keken ɗinki, tafet ne, wato 'yan ƙarafan da ke buɗe bawul ɗin inji. Wadda ake tsoro ita ce mai nauyi daga ƙasa, kamar ana buga guduma a turmi, tana ƙaruwa da ka ba da wuta. Metal ne ya cinye, wato ɓawon ƙarfen da ke tsakanin kwanrod (sandar da ke riƙe da fistin) da karanshaf (ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji).

Don gane inda ƙara take, ɗauki doguwar sukudireba, ɗora bakinta a jikin inji, ka kara marikin a kunne. Ka tattare hannun riga da carbi, ka yi nesa da fanka da fanbel.

Darasi na 4: Ƙarar tsakuwa

Rage giya, ka sassauta totur. Tuna inda ka sha mai. Fetur ɗin bumburutu da aka gauraya da kananzir yana kawo wannan ƙara. Dubi gejin zafi, musamman da bazara. A bar inji ya huce sarai kafin a buɗe lagireto, ruwan zafi yana tashi ya ƙona fuska. Kwance filogi ka duba, in sun yi baƙin gawayi ko sun cinye a canza duka huɗu. In ƙarar ba ta tafi ba, bakanike ya gyara taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, ya mayar da shi baya kaɗan. Motar gas, wato dizal, ba ta da filogin wuta, ita nozul mai fesa mai ake dubawa.

Darasi na 5: Tafet da ƙarar ƙasa

Tafet saiti ne, bakanike zai yi shi da gejin awon tazara. Ƙarar ƙasa kuwa a kashe mota, a nemo igiya a ja ta. Sai an sauke inji.

Darasi na 6: Sabis

A juye baƙin mai duk kilomita 5,000, tare da filta. Da hunturu a riƙa kakkaɓe filtar iska saboda ƙura. Rubuta ranar juye mai a bayan littafinka.

Aikin gida: gobe da safe, kafin a tayar da mota, kowa ya auna mai sau uku, ya rubuta harafin da jiƙar ta fi kusa da shi. A zo aji da tsumman.