Yadda Ake Sa Ƙaramin Kan Jirgin Ƙasa Ya Yi Hayaƙi Irin Na Gaskiya

Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya ne a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso birnin Sakkwato ba, shi ya sa yawancin masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo a nan ba su taɓa tsayawa kusa da kan jirgi mai aiki da kwal ba. Wannan rashin sani yana fitowa a fili idan aka zo batun hayaƙi, domin mutum yakan ɗauka cewa yawansa shi ne kyansa, sai ya cika ɗaki da hayaƙi kamar ana turara kaya. Abin da ke sa hayaƙin ƙaramin jirgi ya yi kama da na gaskiya shi ne ya fita a lokacin da ya dace, kuma gwargwadon aikin da jirgin yake yi.

Kafin a taɓa kwalbar man hayaƙi, ya kamata a san abin da ake kwaikwaya. Abu biyu ne suke fita tare daga bututun kan jirgi na gaskiya. Akwai tururin da ya gama tura fistin a cikin silinda, wanda ake sako shi ta ƙasan bututu domin ya jawo iska ta cikin wuta, akwai kuma hayaƙin kwal ɗin kansa. Farin da ake gani tururi ne da ya haɗu da sanyin iska, baƙin kuwa kwal ne da bai ƙone sosai ba, kuma ƙwararren mai zuba kwal yakan yi ƙoƙari hayaƙinsa ya tsaya a ruwan toka mai haske, saboda baƙin hayaƙi asarar kwal ne. Kan jirgi mai silinda biyu, irin jerin nan masu sunayen koguna da aka fara kawo wa Najeriya daga Birtaniya a 1948 suna cin kwal ɗin Inugu, yana huci sau huɗu a duk zagaye ɗaya na ƙafarsa, mai silinda uku kuma sau shida. Hucin yana da ƙarfi idan jirgi zai tashi ko yana hawan tudu da kaya, yana raguwa ƙwarai idan direba ya rufe tururi a gangara, idan kuma jirgi yana tsaye a tasha sai ɗan siririn hayaƙi mai tashi a hankali. Yanayi ma yana da nasa tasiri: tururin da zai yi fari fat da asubahin hunturu, da kyar za a gan shi da azahar a watan Afrilu.

Na'urorin hayaƙi da ake samu iri uku ne. Mafi sauƙi ita ce siririyar bututun ƙarfe mai wayar zafi a ciki, wadda kamfanin Seuthe na Jamus ya yi suna a kanta. Ana zura ta cikin bututun jirgi, a ɗiga mata mai, zafi ya mai da shi farin hayaƙi. Ita ce ta fi dacewa da ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman jirgin gaskiya, inda wuri ya yi ƙaranci. Ta biyu tana da ɗan akwati mai lagwani da wayar zafi da ƙaramar fanka mai hura hayaƙin waje, kuma an fi samun ta a manyan jirage na ma'aunin O da G. Tun 1946 kamfanonin Lionel da American Flyer na Amurka suka fara sayar da jirage masu hayaƙi, amma fankar da ake iya kunnawa da kashewa daidai da juyin ƙafa ita ce ta kawo huci mai tsari. Ta uku sabuwa ce, ba ta amfani da mai ko zafi: wani ɗan faifai ne yake karkarwa da sauri ya farfasa ruwa ya zama hazo. Ba ta barin maiƙo, sai dai hazonta yana da nauyi, yakan so ya sauko maimakon ya tashi, kuma a busasshiyar iskar Sakkwato yana ɓacewa da wuri.

Matakin farko na aiki shi ne daidaita wuta. Kowace na'ura tana da iyakar ƙarfin wutar da aka rubuta mata, alal misali bolt 10 zuwa 16, ko 16 zuwa 22, kuma dole a auna wutar da ke kan dogo da mita kafin a saya. A tsohon tsari, inda gudun jirgi yake bin yawan wutar da aka sakar wa dogo, hayaƙi yana raguwa idan jirgi yana tafiya a hankali, wato daidai lokacin da na gaskiya ya fi huci. Maganin wannan shi ne a ƙara taragu domin jirgi ya buƙaci ƙarin wuta, ko a sa na'ura mai ƙaramin bolt tare da abin daidaita wuta. A tsarin DCC kuwa, wato sarrafa jirgi da saƙon dijital da ake aikawa ta dogo, wuta tana kan dogo a cike kullum, don haka na'urar da aka haɗa kai tsaye za ta ci gaba da zafi ko jirgi yana tsaye, har ta ƙone. A haɗa ta ta hanyar dikoda, wato ƙaramar na'urar da ke cikin jirgi mai karɓar saƙon DCC, domin a iya kashe ta da maɓalli, bayan an duba cewa mafitar dikodar za ta iya ɗaukar wutar da na'urar take ja. Wanda hannunsa bai saba da dalma ba ya kai wa mai gyaran rediyo ko waya, ya nuna masa zanen da ke cikin kwali. A kuma lura cewa taransifomar da aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, wutarmu kuwa 230 ce, sannan wutar janareta tana hawa da sauka, saboda haka sitabilaiza ba ado ba ce a wannan aiki.

Sai batun mai, inda aka fi yin ɓarna. A yi amfani da man hayaƙin da aka yi domin wannan aiki kawai. Kananzir da fetur suna kama wuta, man gyaɗa da man ja suna daskarewa su toshe bututu, turare kuma yana barin danƙo a kan wayar zafi. Ƙaramar bututun HO ɗigo kaɗan take ɗauka, manya masu fanka sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma adadin da kamfani ya rubuta shi ne abin bi. Sirinjin da ake samu a kemis ya fi bakin kwalba iya auna ɗigo. Idan mai ya yi yawa wayar ba ta iya zafafa shi, sai a ji yana tafasa yana tofo ɗigo a kan jirgi ba tare da hayaƙi ba. Ni kaina na taɓa cika wata bututu har man ya gangara cikin mota, wato injin lantarkin da ke juya ƙafafun jirgin, na kwashe yini guda ina gogewa. Idan kuma ya ƙare aka bar na'urar a kunne, lagwani yana babbakewa ko wayar ta tsinke, a jirgi mai jikin roba ma bakin bututu yana iya narkewa. Da zarar hayaƙi ya fara sirancewa a ƙara mai ko a kashe. In an zuba mai amma shiru, galibi kumfar iska ce ta tsaya a bututu, kuma hurawa a hankali daga sama tana kawar da ita.

Daidaita huci da ƙafa shi ne abin da ya fi burge mai kallo. A na'ura mai fanka ana manna ƙananan maganaɗisu huɗu a bayan ƙafa ɗaya, tazararsu daidai, a sa abin da ke jin wucewarsu ya riƙa kunna fanka da sautin huci tare. Dikodoji da yawa suna iya lissafa wannan daga juyin mota, sai dai a zauna a gyara lambobinsu. Hanyar gwaji ita ce a ɗiga alli a gefen ƙafa, a tafiyar da jirgi a hankali ƙwarai, a ƙirga huci daga lokacin da alamar ta bar ƙasa har ta dawo. Idan ba huɗu ba ne a sake gyarawa. Kan jirgi mai dizal ba ya bukatar wannan duka, ɗan hayaƙi lokacin tashi ya ishe shi.

Hayaƙi ba ya ƙanƙancewa yadda jirgi ya ƙanƙance, don haka ɗaki ne zai taimaka masa. Fankar sama tana tarwatsa shi nan take, kuma kashe ta a zafin Sakkwato ba ƙaramar sadaukarwa ba ce, shi ya sa sanyin safiya ko bayan isha'i ya fi dacewa. A sa bango mai duhu a bayan jirgi, a haska fitila daga baya ko daga gefe, sai siririn hayaƙi ya fito sarai. A bar taga a buɗe kaɗan, kada kuma a daɗe ana yi kusa da yara ko mai asma. A shafa ɗan garin gawayi mai laushi da busasshen buroshi a saman tukunyar jirgi, bayan bututu, da bakin rami inda jirgi yake shiga, amma a kiyaye kada ya shiga mota.

Bayan an gama, maiƙon hayaƙi yakan sauka a kan dogo da ƙafafu, idan kuma ya haɗu da ƙurar hunturu sai ya zama baƙin datti mai hana wuta wucewa, jirgi ya riƙa tsayawa yana fizga. A goge dogo da ƙyalle mai ɗan sifirit bayan kowane wasa, a bar na'urar ta huce kafin a taɓa ta, a ajiye jirgi a tsaye bisa ƙafafunsa domin sauran mai kada ya zube, sannan a lulluɓe shimfiɗar duka da zane.