Yadda Ake Gyaran Tsohuwar Bargar Dawaki ba Tare da An Lalata Ta Ba

A garuruwan sarauta irin su Argungu, Gwandu da Birnin Kebbi, barga tana cikin tsarin gidan sarki da na hakimai tun zamanin da doki ne abin yaƙi. Har sarauta gare ta, domin Shamaki ne mai kula da dawakin fada. Tsofaffin bargogi da tubali aka gina su, wato curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda ake jerawa tsini na kallon sama. Na jan bulo sun zo daga baya. Duk wadda ka gada, ruwa ne ke cin ta ta sama, fitsari kuma ta ƙasa.

A fara aiki bayan ɗaukewar damina, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kafin a taɓa komai, a fitar da dawakin, a kwashe taki har sai an tarar da daɓen asali.

Sai a duba gindin bango. Doki ɗaya na yin fitsarin lita biyar zuwa goma a rana, kuma gishirin da ke cikinsa yana hawa bango tare da danshi. Idan ya bushe sai ƙasa ta riƙa marmashewa, ka sa yatsa ta zubo kamar gari. Ga shi dokin da ba a ba shi kanwa lasar wurin yake yi, ramin ya ƙara zurfi. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, su kawo siminti su yaɓe. Siminti ba ya barin bango ya fitar da danshi, sai ruwan ya haura sama da inda aka yaɓe. Bayan damina biyu za ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo, wata rana ɓawon ya faɗo da rabin bangon.

Gyaran da ya dace shi ne a kankare ruɓaɓɓen wurin har a kai ga ƙasa mai ƙwari, amma kada a buɗe fiye da tsawon mita ɗaya a lokaci guda. A yayyafa ruwa, a cike da sabon tubalin da ya sha rana kamar mako biyu, a haɗa da kwaɓin jar ƙasa da ciyawa wanda ya kwana ya tsumu. Sai wannan ɓangaren ya kama a matsa gaba. In jan bulo ne, a ƙwaƙule tsohon kwaɓin da ke tsakanin bulo zurfin santimita biyu, a mayar da kwano ɗaya na farar ƙasar gini, wato laim, cikin kwano uku na yashi. Tsohon bulo ya fi siminti laushi, shi ya sa gefensa ke farfashewa in an matse shi da shi.

Rufi kuwa, a bi azara ɗaya bayan ɗaya da tsinin wuƙa. Giginyar da ake yin azara da ita ba ta cika jin gara ba, amma kan da ke cikin bango yana ruɓewa in ruwa na kwanciya. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar mita biyu, dalilin da magina suka riƙa ɗaura bakan gizo ke nan a ɗakuna masu faɗi. Don haka kada a rushe ginshiƙi wai don a ƙara fili. A tokare rufin kafin a zare kowace azara. Saman soro a yi masa laso, wato katsin marina da gashin jima da dafara, bango kuma makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, a riƙa sabunta ta bayan shekara biyu ko uku. Indararo ya zarce bango sosai, inda ruwansa ke sauka a shimfiɗa duwatsu.

Daɓe a yi shi da birji, a kirɓa da kyau, a karkata shi wajen ƙofa kamar santimita biyu a kowace mita, da 'yar magudana zuwa waje. A zuba yashi a kai. Turke ya yi nesa da bango yadda ƙafar baya ba za ta kai ba, komi ma kada a jingina shi da bango. Tagogin da ke can sama kuma a bar su a buɗe, ko da hunturu, domin warin fitsarin da ya taru a rufaffen ɗaki yana sa doki tari.