Yadda za ku sa masu haƙar ma'adinai su cike raminsu kafin su tafi

Shekara tara ina sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, rabinsu a kan rami guda suka ƙare. Wani kamfani, ba sai na kama suna ba, ya yi haƙa a bayan gonakinmu, ya kwashe kayansa cikin dare ana tsakiyar damina, ya bar mana kududdufi mai zurfin gaba uku. Saniyar Baba Liman ta zame ciki garin shan ruwa, sai da igiya da ƙarti goma aka jawo mushenta. Daga nan na fara sintirin ofisoshi, ga kuma abin da na koyo.

Ku nemi takarda tun katafila ba ta taɓa ƙasa ba. Ma'adinai a Najeriya na gwamnatin tarayya ne, dokar 2007 ce ke tafiyar da su, lasisi kuma daga ofishin kadasta na Abuja yake fitowa. Wasiƙar shugaban ƙaramar hukuma ko sa albarkar hakimi ba lasisi ba ne. Ku ce a nuna muku, ku ɗauki hotonsa da waya, ku duba wane iri ne, don na bincike daban, na haƙa daban. Namu na bincike suke riƙe da shi, amma tifa na fita cike dare da rana.

Sai ku tambayi rahoton tasirin aikin ga muhalli, wanda 'yan ofis ke kira EIA, da tsarin gyaran wurin bayan an gama. Doka ta ce kamfani ya miƙa su ga sashen kula da muhalli na ma'aikatar ma'adinai kafin ya fara. Akan baje rahoton kwana 21 na aiki don jama'a su duba su yi ƙorafi, sai dai mutanen ƙauye ba safai suke jin labari ba. Ku ɗora wa wani ɗanku mai boko ya riƙa leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma.

Inda ƙarfinku yake shi ne yarjejeniyar da doka ta tilasta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla da al'ummar wurin kafin ya soma, wadda ake sake dubawa duk shekara 5. A nan garuruwa da dama ke yin sake. Ana zama ƙarƙashin rumfa, kowa ya ce rijiyar burtsatse, aji biyu, gurbin aiki ga samari, a sa hannu a raba goro, babu mai ambaton rami. Ku nemi waɗannan, hakkinku ne, amma ku sa a rubuta cewa ƙasar sama, baƙar nan mai taki, za a kankare ta a tara gefe guda, ba a cakuɗa ta da tsakuwa ba. A rubuta cewa duk ramin da aka gama da shi za a cike shi kafin a buɗe na gaba, a mayar da ƙasar saman, a dasa itatuwa. A rubuta inda ruwan wankin ma'adinan zai bi, nesa da rafin da ake sha. Kuma kada mutum ɗaya ya sa hannu a madadin gari, ko da dagaci ne. Ba rashin yarda ba ne, rage masa nauyi ne ranar da aka zo da ambulan.

In zinare ake haƙa, kada a kuskura a kawo dutse cikin gida a niƙa. A 2010 gubar dalma da ke cikin irin wannan dutsen ta kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara ta wannan hanya. Gyaran kuwa gida-gida aka bi ana kankare ƙasa ana zuba sabuwa, kuma garin Bagega da ke yankin Anka sai 2013 aka yi masa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna jira, don ba amfanin ba yaro magani ya koma wasa a turɓayar da ta sa masa ciwon. A 2015 aka maimaita a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Da kun ga an karya alkawari, ku ɗauki hoto mai kwanan wata, mutum ya tsaya a bakin ramin don a ga girmansa. Ku rubuta wa jami'in ma'adinai na tarayya da ke jiharku, ku ba kwamitin ma'adinai da muhalli na jiha, wato MIREMCO, kwafi, ku ba NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Kowane ofis ya buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ni ziyarata uku ta farko baki kawai na kai, aka ce za a duba, sannan na gane abin da ba ya cikin fayil bai faru ba. In kuwa babu lasisi sam, wannan na dakarun sibil difens masu tsaron ma'adinai ne, da aka kafa a 2024.

Duk wannan ku yi shi injin kamfani na wurin. Cike rami aikin mako guda ne ga katafilar da ke tsaye a bakinsa. Tamu sai da muka yi wata goma sha huɗu muna rubutu kafin aka dawo da ita daga wata jiha, kuma rabin ramin kawai ta cike. Sauran mun zagaye shi da ƙaya, yara na kamun tarwaɗa a ciki duk da hani.